In An Rufe Ƙofar Shiga, Ina Labarin Waɗanda Ke Ciki?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo tsakanin malaman ofis da malaman makaranta, musamman a nan Zariya, inda da wuya a sami unguwar da ba ta da mai zuwa Samaru ko Kongo neman ƙarin ilmi. Tambayar kuwa ita ce, in jami'a ta ba da sanarwa ta daina ɗaukar sababbin ɗalibai a wani fanni na digiri na biyu, watau Masta, to, waɗanda suka riga suka shiga fa? Za a ba su digirin, ko kuwa wahalarsu ta faɗi ƙasa banza? Ana yin wannan tambaya a Tudun Jukun, ana yin ta a Tudun Wada da Gyallesu da cikin birni, har muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayaninta filla-filla.

Amsar da za mu bayar ita ce, rufe ƙofar shiga daban, rufe ƙofar fita daban. Ran da jami'a ta aika wa mutum takardar ɗauka, ta karɓi kuɗinsa, ta rubuta sunansa cikin rajista, ran nan alkawari ya hau wuyanta. In daga baya ta ga fannin bai karɓe ta ba, tana da iko ta ce kada kowa ya ƙara shigowa. Amma wannan iko bai sauke mata alkawarin da ta riga ta ɗauka ba. Wanda ke ciki yana da hakkin a koyar da shi, a jarraba shi, in ya ci a ba shi takardarsa, bisa dokokin da ya tarar ran da ya shiga.

Wannan ba sabon al'amari ba ne a ƙasar Zazzau. Mutumin Tudun Jukun ba ya bukatar ya yi nisa kafin ya ga makarantar da ta sha sauyi. Ga Kwalejin Barewa nan kan hanyar Gaskiya. A Katsina aka kafa ta cikin 1921, ta koma Kaduna cikin 1938, ta sauka Zariya cikin 1949, ba ta kuwa sami sunan Barewa ba sai 1971. Ta sake gari, ta sake suna, amma ba a taɓa jin an ce da yaran da ke aji su koma gida don an kwashe makaranta ba. Tare da su a ke tashi.

Misalin da ya fi kusa da maganarmu shi ne abin da ya faru cikin 1962. Kafin wannan shekara babu jami'a a Jihar Arewa. Abin da ke akwai a Samaru shi ne Kwalejin Nijeriya ta Fasaha da Kimiyya da Sana'a, da tashar binciken aikin gona. A Kongo kuma akwai Makarantar Koyon Aikin Mulki, wadda ta faro cikin 1947 don horar da malaman En'e aikin ofis, ta kuma sami sabon suna da ƙarin girma cikin 1954. Tsofaffin ma'ajin En'e da magatakarda da alƙalai da yawa a can suka yi kwas. To, samarin da ke koyon aikin injiniya a Samaru a wancan zamani ba digirin Zariya su ke nema ba, don babu shi. Digirin Jami'ar Landan su ke nema, ta hannun Kwalejin Ibadan, wadda ke da dangantaka ta musamman da Landan tun kafuwarta cikin 1948. A nan a ke karatu, amma Landan ce ke sa hannu ga manhaja, tana da baki cikin tambayoyin jarrabawa da gyaran takardu, sunanta kuma shi ke kan shahada.

Ran 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne Uban Jami'a na farko, Dokta Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, shi ne shugabanta. Ta haɗiye Kwalejin Samaru da Makarantar Kongo da tashar aikin gona, ta kuma riƙe Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a matsayin reshe. Cikin wannan shekara kuma Ibadan ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Watau ke nan hanyar Landan ta rufe ga sababbin shiga. Amma waɗanda suka riga suka ɗauko karatunsu bisa tsarin Landan ba a ce su zubar su sake sabon lale ba. An bar su suka ƙarasa bisa manhajar da suka fara, suka zauna jarrabawar Landan, suka karɓi digirin Landan, alhali ƙannensu da ke biye da su suna neman digirin sabuwar jami'a. Haka aka yi 'yan shekaru ana tafiya da tsari biyu cikin gida ɗaya, har na ƙarshen tsofaffin ya fita. Haka kuma aka yi a Makerere ta ƙasar Yuganda, sa'ad da ta rabu da Landan cikin 1963. Lalle wannan ya jawo wa malamai wahala, gama koyar da manhaja biyu ba wasa ba ne, amma sun ɗauke ta don ita ce hanyar mutunci.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu duba wane ne ainihin mai ba da digiri, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa. A karatunmu na zaure, irin wanda unguwannin malamai na cikin birnin Zariya suka shahara da shi, karatu a wuyan malami ya ke rataye. Almajiri ya kan ɗauki littafinsa ya zauna gaban malaminsa, in ya sauke, malamin ne da kansa ke ba shi izini, ya ambaci malaman da shi ma ya ɗauka a wurinsu. In Allah ya yi wa malamin rasuwa ana tsakiyar littafi, sai almajiri ya naɗe buzunsa ya nemi wani zaure, ya ɗora daga inda aka tsaya. Babu wanda zai kai ƙara, don babu wanda ya yi masa alkawari sai wanda ya tafi. A jami'a ba haka abin ya ke ba. Ba farfesa ke ba da digiri ba, ba kuma sashen da a ke karatun ba. Majalisar manyan malaman jami'a, wadda su ke kira Sanet, ita ce ke duba sakamako ta amince, sa'an nan a rubuta shahada da sunan jami'a, shugabanta da magatakarda su sa hannu. Shi ya sa wanda ya gama a Kwalejin Abdullahi Bayero kafin ta zama jami'a cikin 1977, takardar Jami'ar Ahmadu Bello ce a hannunsa, ko da bai taɓa kwana a Samaru ba. Tun da ya ke haka ne, tafiyar malami ko rushe sashe ba ya kashe alkawari. Mai alkawarin yana nan da ransa, watau jami'ar kanta.

To, me ke sa a rufe fanni? Wani lokaci jami'a ce da kanta ke ganin dama. Ko manyan malaman fannin sun yi ritaya ba a sami madadinsu ba, ko masu nema sun yi ƙaranci, ko an haɗe sassa biyu, ko zamani ya wuce fannin. Malaman ƙananan hukumomi sun san wannan sarai, gama kwasa-kwasan da aka shirya don baitulmalin En'e sun kau da kawar En'e ɗin, bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 sai aka koma koyar da sha'anin sabon tsari. Irin wannan rufewa ita ce mai sauƙi, don digirin wanda ya gama bai da wani tabo. Fannin ne aka daina, ba a ce da can na banza ba ne.

Wani lokaci kuwa daga sama abin ke zuwa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1962, ta kuma sami dokarta cikin 1974, ta sami iko ta Doka mai lamba 16 ta 1985 ta aza mafi ƙarancin ma'aunin da kowane digiri zai cika, ta kuma tantance shi. Ta fara aika masu dubawa jami'o'i wajen 1990. Su kan ƙidaya malamai da darajarsu, su duba ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje da takardun jarrabawa, sa'an nan su ba da maki. Fannin da ya kai kashi 70 cikin 100 ya kan sami cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Wanda ya tsaya tsakanin 60 da 69 a kan ba shi ta wucin gadi, shekara 2, ya gyara. Wanda ya gaza 60 an hana shi, hukuncinsa kuwa shi ne ya daina ɗaukar sababbin ɗalibai har sai ya gyara an sake dubawa. A lura da kalmar: sababbi aka ce. Haka kuma cikin 2012 Hukumar ta dakatar da kwasa-kwasan masu aiki, na yamma da na ƙarshen mako, a jami'o'in ƙasar nan, don ta ga waɗansu sun mai da su kasuwa. Wannan ya taɓa masu karatunmu ƙwarai, don akawu ko malamin firamare mai iyali da wuya ya sami hanyar ƙarin ilmi in ba irin wannan ba.

Akwai kuma ta uku, wadda ita ce annoba. Ita ce fannin da tun asali ba a ba da izinin buɗe shi ba, ko cibiyar da wani ya kafa a bayan gari da sunan wata jami'a mai nisa. In aka rufe irin wannan, babu maganar ƙarasawa, don abin da ba a fara bisa doka ba ba shi da ƙarshe bisa doka. Wanda ya faɗa nan ya yi asarar kuɗi da shekaru, takardar da zai samu kuwa, in ma ya samu, ba ta ƙara masa ko mataki ɗaya a wurin aiki. Duk abin da muka faɗa game da hakkin ɗalibi bai shafi wannan ba, sai dai hakkin ya nemi kuɗinsa.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya sa digiri na biyu ya fi na farko haɗari in an rufe fanni. Digiri na farko karatun aji ne. In an daina ɗauka bana, baɗi babu aji ɗaya, baɗin waccan babu aji biyu, a hankali gidan ya ke yashewa, kowa kuma yana tafiya cikin ayarin 'yan ajinsa. Digiri na biyu kuwa kashi biyu ne. Da farko akwai darussa da jarrabawa, waɗanda a kan gama cikin zango biyu ko uku. Sa'an nan sai kundi, watau binciken da ɗalibi zai yi shi kaɗai, ƙarƙashin malamin da aka ɗora wa duba aikinsa. Zai gabatar da shawarar abin da zai bincika gaban malaman sashe, ya tafi ya tattara bayani, ya rubuta babi-babi yana kai wa malaminsa gyara, ya sake gabatarwa, daga ƙarshe a gayyato wani babban malami daga wata jami'a ya karanta kundin ya yi masa tambayoyi baki da baki. Sai wannan baƙo ya yarda, an yi gyare-gyaren da ya nema, sa'an nan sakamako zai bi ta makarantar karatun gaba da digiri ya isa Sanet.

Kowane mataki cikin waɗannan yana bukatar mutum mai rai wanda ya san fannin. Abin da ya sa aka rufe fannin kuwa sau da yawa shi ne rashin irin waɗannan mutane. A ce ga wani malamin sakandare ya gama darussansa duka da kyakkyawan maki, ya rubuta babi uku cikin biyar. Sai aka rufe fannin, malamin da ke duba shi ya sami aiki a wata jami'a ya tafi. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya kira shi. In ya je sashe a ce ya dawo mako mai zuwa, in ya je ofishin karatun gaba da digiri a ce ai maganar sashe ce. Kowace shekara yana biyan kuɗin rajista don kada sunansa ya faɗi. Ga shi a takarda ɗalibi ne, amma a zahiri maraya ne. Yawancin waɗanda rufe fanni ke cutarwa ba wata doka ce ta hana su digiri ba, shiru ne ya cinye su.

Sa'an nan ga maganar wa'adi. Kowace jami'a tana da mafi ƙarancin lokaci da mafi yawansa da aka yarda mutum ya yi yana neman digiri na biyu, in ya wuce sai rajistarsa ta mutu, sai fa in ya roƙi ƙari an ba shi. A fannin da ke buɗe, wanda rajistarsa ta mutu yana iya sake neman shiga. A fannin da aka rufe kuwa babu ƙofar da zai sake bi. Don haka wa'adin da ga wani gargaɗi ne kawai, ga wannan yankan ƙauna ne. Mu kuwa ba mu ce a soke wa'adi ba. Jami'a ba ta iya riƙe malamai da ofis har abada saboda mutum ɗaya da ya ɓace shekara da shekaru bai ko leƙo ba, sa'an nan ya ɓullo yana neman hakki. Amma adalci ya nuna a ƙidaya wa ɗalibi lokacin da ƙofa ke buɗe kaɗai. Cikin 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na wata 9, daga Maris zuwa Disamba, ga kuma annobar korona a kai. Cikin 2022 ta sake yin na wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata 17 ke nan cikin shekara uku. Haka nan watannin da mutum ya yi ba shi da mai duba kundinsa. Ba daidai ba ne a rubuta waɗannan a kan ɗalibi kamar shi ya yi lalaci.

Waɗansu ƙasashe sun mai da wannan al'amari doka rubutacciya. A Ingila, hukumar da ke kula da jami'o'i tun 2018, wadda a ke kira Ofishin Ɗalibai, ta wajabta wa kowace jami'a mai rajista ta ajiye rubutaccen shiri na abin da za ta yi wa ɗalibanta in ta rufe wani fanni, ko wani reshe, ko ita kanta ta rushe. A Amurka ma hukumomin tantancewa su kan nemi a nuna musu yadda za a ƙarasa da na ciki kafin a rufe. Akwai kuma wata al'ada a jami'o'in Ingila da muka ga tana da amfani: wanda ya ci darussan digiri na biyu amma bai iya kammala kundi ba, a kan ba shi babbar difloma, ya fita da abin nunawa. A nan ƙasar an fi sanin wannan difloma a matsayin tsanin shiga digiri na biyu, amma ba mu ga abin da zai hana ta zama mafita ga wanda fanninsa ya rufe a kansa ba. Ko ba komi, ta fi a fita hannu rabbana.

Abin da mu ke roƙon hukumomin jami'o'inmu ba mai yawa ba ne. Ran da Sanet za ta yanke shawarar rufe fanni, a wannan zama ɗin ya kamata a ajiye mata sunayen duk waɗanda ke ciki, da inda kowa ya tsaya, da sunan malamin da zai kai shi ƙarshe, da ranar da za a rufe littafi gaba ɗaya. Kowane ɗalibi a rubuta masa takarda da sunansa, kada a dogara ga allon sanarwa, don mai aiki a Ikara ko Giwa ko Birnin Gwari ba kullum ya ke shigowa Samaru ba. In babu sauran masanin fannin a gida, a ɗauko na wata jami'a ya duba kundin, a biya shi. In akwai fanni makusanci, a ba ɗalibi zaɓi ya koma can da makin da ya riga ya samu, amma da yardarsa, gama wanda hukumarsa ta aiko ya karanto sha'anin kuɗi ba zai koma mata da digirin wani abu dabam ba.

Akwai kuma wani kuskure ta ɗaya gefen, wanda tausayi ke jawowa. Shi ne a ce tun da fannin ya mutu, bari a sallami sauran da gaggawa, a rufe ido ga kundin da bai nuna ba, a nemo baƙon mai jarrabawa mai sauƙin hali. Wannan cuta ce ga waɗanda suka gama tun da fari da guminsu, don takardarsu da ta waɗannan suna ɗaya. Cuta ce kuma ga 'yan makarantar da wannan malami zai koma ya koyar. Rangwamen da mu ke nema na lokaci ne da na hanya. Ma'aunin da aka auna na farko da shi, shi za a auna na ƙarshe. Mutanen 1962 ba su sami sauƙin jarrabawar Landan don su ne 'yan auta ba.

Ku kuma masu karatu da ke da niyyar neman digiri na biyu, akwai abin da ke wuyanku. Kafin ku biya ko kwabo, ku bincika ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da jami'ar da kuma fannin, ku tambayi malamai nawa ke sashen masu digiri na uku, da mutum nawa suka gama cikin 'yan shekarun nan. Sashen da ke ɗaukar mutum hamsin kowace shekara yana fitar da biyar, ba sai an gaya muku akwai magana ba. In kun shiga, ku adana takardar ɗauka, da rasit na kowane biya, da littafin dokokin karatu na shekarar da kuka shiga, don shi ne shaidarku in an sake doka daga baya. Ku sabunta rajista kowace shekara ko da ba a yin komi. In rashin lafiya ko aiki ya tilasta muku tsayawa, ku nemi izinin jinkirtawa a rubuce, kada ku ɓace kurum. Duk babin da kuka miƙa, ku rubuta ranar, ku riƙe kwafi. In kuwa labarin rufewa ya same ku kuna ciki, kada ku tsaya ga maganar baka. Ku rubuta wa shugaban sashe, ku aika kwafi ga shugaban makarantar karatun gaba da digiri, ku nemi a gaya muku a rubuce wane ne mai duba aikinku da ranar da wa'adinku zai cika. In kuna da yawa ku sa hannu tare, takardar mutum goma ta fi ta mutum ɗaya saurin isa tebur.

Kada kuma a manta da wurin aiki. Yawancinku da hutun ƙaro ilmi kuka fito, shi ma yana da nasa wa'adin, wanda bai san da yajin aiki ko rufe fanni ba. Wanda hutunsa ya ƙare bai koma ba, bai kuma nemi ƙari ba, yana iya wayar gari an tsai da albashinsa, ko a ɗauke shi wanda ya gudu daga aiki. Tun sauran wata biyu ko uku hutun ya cika, malamin makaranta ya rubuta ta hannun hedimasta zuwa ga Sakataren Ilmi, malamin ofis kuma ta hannun shugaban sashensa zuwa ga mai kula da ma'aikata, ya liƙa takardar jami'a mai nuna dalilin jinkirin da ranar da a ke sa ran zai gama.